Tururi, Tagulla da Hayaƙi: Yadda Steampunk Ya Fita Daga Littafi Ya Shiga Maƙera

A birnin Nantes da ke yammacin Faransa, a bakin kogin Loire, akwai wata giwa da ke fitowa yawo. Tsayinta mita 12, nauyinta ya haura tan 40, jikinta katako ne, ƙashinta ƙarfe. Takan ɗauki mutum kusan 50, ta riƙa takawa sannu a hankali tana kaɗa kunnuwa, can sai ta ɗaga dogon hancinta ta fesa wa yaran da ke bin ta ruwa. Tun 2007 take wannan yawo a filin da a da ake ƙera jiragen ruwa, kafin a rufe masana'antar a 1987. Waɗanda suka ƙirƙiro ta, François Delarozière da Pierre Orefice, ba su ɓoye komai ba. Ana ganin bututun da ke motsa ƙafafunta, ana ganin direba a kujerarsa, ana ganin tayoyin da ke ɗauke da nauyinta. Har baranda aka yi wa baƙi don su tsaya su leƙa maƙerar da ake haɗa sauran dabbobin.

Giwar ba da tururi take tafiya ba, injin zamani ne ke tura ta. Duk da haka, idan aka ce a nuna abu guda da ya tattara halin salon nan da ake kira Steampunk, tana cikin waɗanda za a fara nunawa. Salo ne da ya faro a ƙagaggun labarai, ya shiga fina-finai, daga baya ya zama sana'ar hannu da ado da bukukuwa. Tushensa tambaya ce: da a ce duniya ba ta bar fasahar ƙarni na 19 ba, wato tururi da kwal da agogon murɗawa, amma ta ci gaba da ƙirƙira a kan wannan turba, yaya za ta kasance? Amsar marubutan ita ce kwamfuta mai cika ɗaki da ke lissafi da fayafai masu haƙora, da manyan jiragen balan-balan suna shawagi a kan Landan, da mutum-mutumin tagulla da sai an ɗura masa kwal yake motsi. Mutanen cikin labarin kuwa suna sanye da tufafin zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Birtaniya daga 1837 zuwa 1901.

Mai hange daga nesa zai ɗauka kwalliya ce kawai: doguwar hula, tabarau irin na masu walda, da launin ƙasa-ƙasa. Wani ɓangarensa kwalliyar ce, babu musu. Amma abin da ya riƙe masoyansa shekara kusan 40 ya fi hula zurfi. Mutane ne da suka gaji da na'urar da aka rufe ruf, wadda ba a ganin cikinta balle a gyara ta, suke marmarin injin da ido zai bi motsinsa daga tukunya har taya. Injin da ake ganin cikinsa kuwa, dole a ga mai zuba masa kwal. Inda marubuci ko darakta ko maƙeri ya tuna da waɗannan abubuwa biyu, aikin yakan yi armashi. Inda ya manta, sai a tashi da fenti.

Abokai uku da littafin talakawan Landan

A ƙarshen shekarun 1970 wasu abokai uku a kudancin jihar California ta Amurka, K. W. Jeter da Tim Powers da James Blaylock, suka shiga rubuta labaran ban mamaki da suke kafawa a Landan ta ƙarni na 19. Jeter ya fitar da Morlock Night a 1979, inda ya ɗora a kan labarin H. G. Wells na injin tafiya cikin zamani: halittun ƙarƙashin ƙasa na can ƙarshen duniya suka sami injin, suka hau shi suka dawo don su ci Landan da yaƙi. Powers ya biyo da The Anubis Gates a 1983, Blaylock kuma da Homunculus a 1986. A watan Afrilun 1987 mujallar Locus ta buga wata wasiƙar Jeter, inda cikin raha ya laƙaba wa abin da su ukun ke yi sunan Steampunk, yana tsokanar salon Cyberpunk da ke tashe a lokacin. Wasa ya zama gaske.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rijiyar da suka sha ruwa a ciki. Littafin Henry Mayhew ne, London Labour and the London Poor, wanda aka fara bugawa a 1851. Mayhew ɗan jarida ne da ya bi lunguna yana hira da mutanen da babu mai tambayarsu komai: 'yan talla, masu kama ɓeraye, yaran da ke laluben gutsuren kwal da ƙusa a taɓon kogin Thames, mazan da ke shiga magudanar ƙazanta neman kuɗin da suka faɗa ciki, har da masu tsintar kashin karnuka suna sayar wa majema. Wannan ce Landan ɗin da abokan uku suka shigar cikin labaransu, mai wari da hazo da 'yan damfara. Attajiri mai doguwar hula da sandar azurfa, wanda yau ya cika hotunan bukukuwa, daga baya ya zo ya mamaye wurin.

Littafin da ya fitar da salon daga da'irar abokai shi ne The Difference Engine na William Gibson da Bruce Sterling, na 1990, kuma a kan wani abin takaici na gaske aka gina shi. Charles Babbage, masanin lissafi ɗan Ingila, ya damu da kurakuran da suka cika jadawalin lissafi da matuƙa jiragen ruwa da injiniyoyi ke dogaro da shi. Mutane ne ke lissafawa da hannu, wasu su kwafa, wasu su jera haruffan ɗab'i, kowane mataki da nasa kuskure. A shekarun 1820 ya fara ƙera injin da zai yi lissafin ya kuma buga shi da kansa. Gwamnati ta zuba kusan fam 17,000, ya yi rigima da maƙerinsa Joseph Clement, aiki ya tsaya a 1833, a 1842 gwamnati ta zare hannunta gaba ɗaya. Kafin nan ma hankalinsa ya koma kan wani injin da ya fi wannan, wanda za a riƙa ba umarni da katuna masu huji irin na masaƙar Jacquard. A kan wannan ne Ada Lovelace, 'yar mawaƙi Lord Byron, ta rubuta bayananta na 1843, waɗanda ake yawan kira manhajar kwamfuta ta farko. Babbage ya mutu a 1871 bai kammala ko ɗaya ba.

An daɗe ana cewa ƙirar ƙarfe ta zamaninsa ce ba ta kai ba. Gidan tarihin kimiyya na Landan ya gwada maganar. Ya ɗauki zane na biyu da Babbage ya yi na injin lissafin farkon, ya ƙera shi daidai da iyawar maƙeran wancan zamani, aka kammala sashen lissafi a 1991, na ɗab'i a 2002. Ɓangarori kusan 8,000 aka haɗa, nauyin tan 5, da hannu ake juya shi. Ya kuwa yi aiki.

Gibson da Sterling sai suka ce to, mu ƙaddara ya yi aiki tun a lokacin. A labarinsu shekarar 1855 ce, Byron bai mutu a Girka ba, shi ne firaminista, masana da masu masana'antu sun ture 'yan sarauta. Birtaniya ta ƙara ƙarfi, Amurka ta rarrabu gida-gida. Amma ba ƙasar jin daɗi suka zana ba. Kowane ɗan ƙasa yana da lamba, hukuma na da rumbun katuna ɗauke da sirrin kowa, ana iya shafe mutum daga rajista kamar ba a taɓa haihuwarsa ba, hayaƙi kuma ya shaƙe Landan har doka ta karye. Littafi ne mai nauyin karatu, zarensa yakan kuɓuce, masu karatu da yawa ba sa kai ƙarshe. Sai dai kusan duk kukan da ake yi yau game da bayanan mutane a hannun hukumomi da kamfanoni yana ciki, rigar tagulla kawai aka sa masa.

Daga sama ake kallo

Kakan salon da kowa ke jinjina wa shi ne Jules Verne, wanda aka haifa a Nantes ɗin nan a 1828. Mai karatu a ƙasar Hausa yana da dalilin duba littafinsa na farko da ya yi suna, na 1863, labarin mako biyar a cikin balan-balan. Turawan Birtaniya uku suka tashi daga Zanzibar suka nufi Senegal, iska ta bi da su ta kan Adamawa da Tafkin Chadi da Kukawa, ta wuce da su Damagaram da Agadas da Tambutu. Verne bai taɓa taka waɗannan wurare ba. Daga rubuce-rubucen matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tsinto su. Labarin na da daɗi, amma daga sama ake kallon mutanen ƙasa, da ido da kuma zuci: ko dai abin tsoro ne su, ko abin dariya, ko abin harbi.

Ga wanda ke ƙasa, zamanin tururi wani abu ne daban. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara 8 bayan sojojin Birtaniya na Lugga sun ci birnin. Auduga aka sa rai za a riƙa kwasa zuwa teku, sai gyaɗa ta zo ta cika taragu, aka kuma ja wani reshe zuwa wurin haƙar kuza a Jos. Kwal ɗin da ya riƙa tafasa tukwanen daga ramukan Inugu yake fitowa, inda a watan Nuwambar 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 masu yajin aiki a Iva Valley. Saboda haka idan wani ya fito biki a Turai sanye da farar hular Turawan mulki yana wasan mai binciko ƙasashe, ba kowa ne zai ga abin dariya a ciki ba.

Ba za a yi wa Verne adalci ba idan aka tsaya a nan. Kyaftin Nemo, mai jirgin ƙarƙashin teku Nautilus a littafinsa na 1870, mutum ne da ya tsani dauloli masu danniya har yake nutsar da jiragen yaƙinsu. Verne ya so ya mai da shi basaraken ƙasar Poland da Rasha ta kashe wa iyali, mawallafinsa Hetzel ya ƙi, don kada a rasa kasuwar Rasha. A wani littafi na baya sai ya bayyana cewa Nemo yarima ne ɗan Indiya mai suna Dakkar, wanda ya rasa iyalinsa a boren 1857 da Ingila ta murƙushe. Wannan jijiya ce Michael Moorcock ya ja a The Warlord of the Air na 1971, tun salon bai sami suna ba. Wani hafsan sojan Birtaniya a Indiya ya farka a wata 1973 da ba a taɓa yaƙin duniya ba, daulolin Turai na nan daram da jiragensu na balan-balan. Da farko abin ya burge shi, har sai da ya ga a wuyan wa aka ɗora zaman lafiyar, ya koma ɓangaren 'yan tawaye.

Da salon ya yi kasuwa, wannan jijiya ta yi rauni. A 2010 marubuci ɗan Birtaniya Charles Stross ya caccaki abin, yana cewa kantuna sun cika da labaran da ke ƙawata zamanin da yara ke aiki a masana'antu ake kuma bautar da al'ummai. Amsa mafi ƙarfi ba a muhawara ta zo ba, a littattafai ta zo. Everfair na Nisi Shawl, na 2016, ya koma Kwango lokacin da Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe ta a matsayin gonarsa, daga 1885 zuwa 1908, ana yanke hannayen mutane saboda roba. A labarin, wasu 'yan gurguzun Ingila da 'yan mishan baƙar fata daga Amurka sun sayi fili daga hannun Leopold suka kafa mafaka, masu gudun azaba suka cika ta, aka ƙera jiragen sama, aka ƙera wa waɗanda aka yanke wa hannu hannayen tagulla. Littafin bai bar masu kyakkyawar niyyar sun sha ba, domin filin da suka saya yana da sarkinsa da mutanensa, wurin ɓarawo suka saya. Shi kuwa P. Djèlí Clark, a A Master of Djinn na 2021 wanda ya ci lambar yabo ta Nebula, Alƙahira ya zana a 1912, bayan aljannu sun fito fili sun zauna da mutane, Masar ta kori Ingila ta zama babbar daula. Jarumar jami'ar bincike ce mai suna Fatma. Wanda zai bi wannan hanya ma ba zai rasa injiniya na tarihi da zai jingina da shi: a 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori kusan 50, har da agogon ruwa da na'urar zuba ruwan wanke hannu, da bayanin yadda ake ƙera kowace.

Me ya sa manyan fina-finan ke faɗuwa?

Kamannin da aka san salon da su, yawancinsu daga fim suka fito, ba daga littafi ba. Nautilus ɗin da Verne ya siffanta sumul yake, dogo mai tsini gaba da baya, da lantarki yake aiki. Da kamfanin Disney ya mai da labarin fim a 1954, mai tsara masa kaya, Harper Goff, ya ƙi wannan. Ya yi jirgin ƙarfe mai layin ƙusoshi, mai ƙayoyi a gadon baya, da manyan tagogi kamar idanu, cikinsa kuma jan karan-miski da tagulla. Fim ɗin ya ci Oscar biyu, ɗaya na tsara kayan ne. Kusan duk mai zanen Steampunk a yau jikan Goff ne, ko ya sani ko bai sani ba. Amma tun a nan aka fara ragi, domin James Mason ne ya fito a Nemo, zancen Indiya kuma bai taso ba. Shekara 4 bayan haka, a Chekoslobakiya, Karel Zeman ya ɗauki labaran Verne ya yi wani fim da ya sa aka zizara layuka a jikin bango da tufafi da ruwan teku, don komai ya yi kama da zanen da ke cikin tsofaffin bugun littattafan. Kuɗinsa bai kama ƙafar na Disney ba, amma har yau ana kallonsa baki buɗe.

Japanawa ne suka fi kowa kama bakin zaren. Hayao Miyazaki ya ziyarci garuruwan haƙar kwal na Wales a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da yajin aikin mahaƙa ya girgiza Birtaniya, abin da ya gani kuma ya shiga Castle in the Sky na 1986. Jarumin yaro ne mai aikin injin a bakin ramin haƙa, hannunsa duk baƙin mai, mutanen garinsu kuma masu tsaya wa juna ne. Steamboy na Katsuhiro Otomo, na 2004, ya ci kusan shekara 10 ana zana shi. A Ingila ta 1866 aka kafa labarin, kaka da ɗansa suna jayayya a kan amfanin kimiyya, jika yana tsakiya, babban baje kolin fasaha na Landan kuma ya rikiɗe ya zama kasuwar makamai.

Sai kuma Hollywood. Wild Wild West na 1999, da Will Smith a gaba, ya ci kusan dala miliyan 170, abin da aka fi tunawa da shi ƙaton gizo-gizon ƙarfe ne da lambobin ba'a guda 5 na fim mafi muni. The League of Extraordinary Gentlemen asalinsa littafin zane ne na Alan Moore da Kevin O'Neill, inda mace, Mina Murray, ke jagorantar tawagar, mafarauci Allan Quatermain kuwa tsoho ne da shaye-shaye ya lalata. Fim ɗin 2003 ya miƙa wa Quatermain jagoranci saboda Sean Connery ne, ya ƙaro Tom Sawyer don 'yan kallon Amurka su ga nasu. Abu ɗaya da ya yi daidai shi ne ba Naseeruddin Shah matsayin Nemo. Connery bai sake fitowa a gaban kyamarar wani babban fim ba. The Golden Compass na 2007 ya sassauta sukar da Philip Pullman ya yi wa hukumar coci a littafinsa, ya kuma yanke ƙarshen labarin mai ɗaci, ci gaban da aka shirya bai zo ba.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Mortal Engines. Littafin Philip Reeve na 2001 yana da tunani mai kyau ƙwarai: birane sun hau tayoyi suna farautar juna, Landan na bin ƙananan garuruwa tana haɗiyewa, tana narka ƙarfensu, tana mai da mutanensu bayi. Ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba. Jarumar, Hester Shaw, an sare mata fuska tun tana yarinya, ido ɗaya ya tafi, hanci ya lalace, kuma wannan muni shi ne ginshiƙin halinta. A fim ɗin 2018, wanda Peter Jackson ya ɗauki nauyi, sai aka bar mata ɗan tabo a kumatu. An kashe fiye da dala miliyan 100, abin da ya dawo bai kai miliyan 90 ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Dalilin a ganina kuɗi ne. Fim ɗin irin wannan salo sai an gina masa duniya sukutum, daga titi zuwa maɓallin riga, kuma gwargwadon yawan kuɗin da aka zuba, gwargwadon tsoron masu kuɗin. Sai su bi labarin suna cire duk abin da zai sosa wa wani rai, abin da ke sosa ran kuwa shi ne labarin. Mai fim ɗin zane ba ya cikin wannan ƙangi sosai, don zana jirgin balan-balan bai fi zana mota tsada ba.

Hugo na Martin Scorsese, na 2011, ya kauce wa tarkon, ko da yake shi ma bai yi cinikin kirki ba. Daga littafin Brian Selznick na 2007 aka ɗauko shi, ya ci Oscar 5. Labarin maraya ne mai kula da agogunan tashar jirgin ƙasa a Paris yana ƙoƙarin gyara wani mutum-mutumi mai rubutu. Selznick ya je ya ga na gaske a cibiyar Franklin da ke Philadelphia. An kai musu shi a 1928 a lalace bayan gobara, ba su san ainihin wanda ya ƙera shi ba. Da aka gyara shi aka murɗa, ya yi zane huɗu, ya rubuta waƙoƙi uku, a ƙarƙashin ɗaya ya sa sunan maƙerinsa, Maillardet.

Masu zarto da guduma

A 2007, shekarar da aka fitar da iPhone ta farko, wani ma'aikacin kwamfuta a jihar Massachusetts da ke kiran kansa Jake von Slatt ya ɗauki tsohon allon rubutun kwamfuta na IBM, ya cire masa rigar roba, ya yi masa firam na tagulla, ya sa masa maɓallai masu zagaye irin na tafireta, sannan ya baza hotunan kowane mataki don kowa ya kwaikwaya. Richard Nagy, wanda aka fi sani da Datamancer, ya mai da abin sana'a, har ya yi kwamfutar cinya a akwatin katako da ake kunnawa da makullin agogo. Ya rasu a 2013. Daga watan Oktoban 2009 zuwa Fabrairun 2010, gidan tarihin kimiyya na Oxford ya baje irin waɗannan ayyuka, karon farko da wani gidan tarihi ya yi haka. A 2009 ɗin ne kuma aka fara bikin Asylum a birnin Lincoln na Ingila, wanda ake yi duk watan Agusta a kewayen tsohuwar ganuwa, har da gasar tsoma biskit a shayi a ga wanda zai kai baki bai karye ba. A Oamaru, wani ƙaramin gari a New Zealand mai tsofaffin gine-ginen farin dutse, an buɗe gidan Steampunk HQ a 2011 da kan jirgin ƙasa mai aman wuta a ƙofarsa, a 2016 kuma mutum 228 cikin shiga suka kafa tarihi a kundin Guinness.

Aikin kansa hawa-hawa ne. Mai farawa yakan sayi bindigar wasan yara ta roba, ya goge ta da sanfefa, ya fesa mata baƙin fenti, sannan ya shafa kakin zuma mai launin ƙarfe da ɗan yatsa a gefuna kawai, sai ta fito kamar ta shekara ɗari a hannu. Tabarau kuwa daga na masu walda ake farawa, ko a haɗa shi da guntun bututun famfo da fata. Sulken da ake gani kamar zai karya wuya sau da yawa soson tabarmar motsa jiki ne aka lanƙwasa da zafi. Wanda ya yi nisa shi ke taɓa tagulla ta gaske: ya buga zane a takarda, ya manna shi a farantin da dutsen guga, ya tsoma cikin ruwan sinadari ya sa wutar batir, wurin da tawada ba ta rufe ba ya cinye, zanen ya fito. Idan ana son sabuwar tagulla ta tsufa, sai a rufe ta da tururin ruwan tsami da gishiri.

A nan ne rigimar cikin gida take. Akwai masu ganin cewa manna fayafan agogo da gam a jikin hula ko sarƙa, fayafan da ba su haɗu da komai ba kuma ba sa juya komai, cin amanar salon ne, har waƙar ba'a an yi a kai. Wasu kuma na cewa wasa ne, a bar kowa ya sha iska. Ni ina tare da na farko, amma ba da zafi ba. Wanda ya san kasuwar Panteka a Kaduna, inda ake mai da tarkacen ƙarfe ya zama injin niƙa ko murhu, zai ga cewa abin da waɗannan Turawa ke biɗa da sunan sha'awa, wato mutum ya buɗe abu ya gane shi ya sake shi, wasu da shi suke ciyar da gida. Su can sai da ta kai ga kafa doka: a 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ke tilasta wa kamfanoni su sauƙaƙa gyaran wasu kayayyakinsu, bayan shekaru ana rufe wayoyi da gam da ƙusoshin da sukundireban kowa ba ya kamawa.

Sana'ar tana da nata ɓarnar. Masu tara tsofaffin tafireta suna kuka da waɗanda ke sayen mai lafiya su datse maɓallan don yin zobe da abin wuya, su yar da gangar jikin. Masu mutunta aikin sukan nemi wadda ta riga ta mutu, ko su sayi maɓallan kwaikwayo. Tsofaffin agogo kuwa, waɗanda kowa ke farfasawa don fayafansu, suna da haɗarin da ba kowa ya sani ba. Daga lokacin yaƙin duniya na ɗaya har zuwa shekarun 1960, an riƙa shafa wa lambobi da hannayen agogo fenti mai sinadarin rediyam don su yi haske da dare. 'Yan matan da ke wannan aiki a wata masana'anta a garin Orange na jihar New Jersey, an koya musu su riƙa tsinana bakin burushi da leɓe. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu, biyar daga cikinsu suka kai kamfanin kotu aka sasanta a 1928. Hasken fentin ya daɗe da mutuwa a yawancin agogunan, amma rediyam ɗin yana nan, don sai ya shekara kusan 1,600 kafin rabinsa ya ragu. Shi ya sa ƙwararrun masu gyaran agogo ke jan kunnen masu wannan sana'a cewa idan suka ga fuskar tsohon agogo da busasshen fenti mai launin ƙasa ko kore-kore a kan lambobi, kada su kankare, kada su hure ƙurar da baki, su sa a auna shi da na'urar gane tiriri kafin su buɗe gilashin.